Dogon Sandan Muhandis Abdulilah

Ranar Talata, kamar kullum, Muhandis Abdulilah, wato injiniya, ya buɗe shagonsa na unguwar Hindawiyya da ƙarfe takwas. Ya kunna mukayyif mai sanyaya ɗaki, ya ci gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, ya kora da shayi, sannan ya rataya katin nan mai shuɗiyar igiya a wuyansa. An ba shi katin ne a ƙofar wani baje kolin kwamfuta a Jidda shekara uku da suka wuce, kamar yadda aka ba duk wanda ya shiga. Amma ba kowa ne ya san darajar abin da aka ba shi ba. Shi ya sani.

Mutum ne mai girma. Jahilai na cewa gyaran firinta yake yi da sayar da wayar caji. Masana, wato shi da kansa, sun san cewa shi ne Jakadan Belkor a Harami, wato birni mai tsarki da ake zuwa aikin hajji.

Kamfanoni biyu ne a ƙasashen waje, Belkor da Tarnis, suke gasar ƙera ƙwaƙwalwar manyan kwamfutocin da ma'aikatu ke ajiye bayanansu a ciki. Kowanne na buga talla yana cewa tasa ta fi sauri. Babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa jin sunan Abdulilah, amma wannan bai hana shi shiga yaƙin ba. Ya daina gaisawa da mai shagon da ke kallon nasa saboda ya liƙa tallan Tarnis a ƙofa. Idan aka tambaye shi dalilin da ya sa manyan Belkor ba sa ziyartarsa, sai ya yi murmushin tausayi.

"Ba Musulmi ba ne, iyakarsu shingen hanyar Jidda. Daga nan zuwa ciki, ni ne Belkor."

A wannan rana yana da babban aiki. Hajiya Kabira, mai mu'assasa, wato ma'aikatar da ke dafa wa alhazai abinci a Arfa, za ta sayi babbar kwamfuta kafin Zulhajji, domin sunayen ma'aikata da motoci da tantuna sun fi ƙarfin tsohuwar. Idan ta saya ta hannunsa, wannan ne zai zama karo na farko da Jakada ya sayar da abin da yake jakadanci a kansa.

Ya shirya makaminsa tun sati guda. A cikin takardar tallan Belkor ya ga zane mai sanda biyu, na Tarnis dogo, na Belkor gajere. Rubutun ƙasa da Turanci yake, kuma babban mutum ba ya ɓata lokaci a kan ƙananan haruffa. Nan take ya gane cewa maƙiya sun shiga maɗaba'a. Sai ya kai zanen wurin mai buga alluna, ya sa aka girmama shi, aka kuma ja sandan Belkor har ya ninka na Tarnis sau uku.

Bayan azahar ya isa ofishin Hajiya a unguwar Utaibiyya, da allon a hammata. Ya tarar da wata matashiya zaune kusa da ita. Hajiya ta gabatar da ita: Muhandisa Rawan, daga ofishin Belkor na Jidda. Hajiya ce ta rubuta musu tana neman bayani, suka turo Rawan. Jikar wani maƙwabci ce, marigayi Dawuda, a lungun bayan nan aka haife ta. Shingen hanyar Jidda bai tsayar da ita ba.

Da wani ne, da ya rikice. Jakada ya ce ya ji daɗin ganin kamfani ya fara ɗaukar yara, ya kafa allonsa, ya gyara shimag ɗin da ya yafa a kansa.

"Ya Hajiya, dubi nan. Wannan gajeren, Tarnis ne, abin tausayi. Wannan da ya kusa fasa allo, mu ne. Ba ni na faɗa ba, ilimi ne ya faɗa. A duniya kaf babu mai kamo mu a wannan fage."

Ya yi minti ashirin. Ya ambaci Amurka, ya ambaci Taiwan, ya kira Tarnis masu sayar da kwanon gasa burodi. Hajiya, wadda ta shekara talatin tana lissafin tukwane, ta tambayi abu ɗaya kawai: sandan, mene ne yake aunawa?

Ya ce yana auna fifiko.

Rawan ta tashi ta karanta ƙananan haruffan. Ta daɗe tana kallon allon.

"Ya ammi, ma'alesh, ka yi haƙuri baffa. Wannan zanen wutar lantarkin da na'ura ke sha yake nunawa. Gajeren shi ne mai kyau. Wa ya ja namu haka?"

Hajiya ta ce in haka ne a kira mata mutanen Tarnis, domin janaretonta na Arfa da ƙyar yake ɗaukar firji. Sai da Rawan ta buɗe takardar asali a wayarta, ta yi bayani har la'asar, kafin Hajiya ta yarda. Ta yarda ne bisa sharaɗin za ta saya kai tsaye daga Jidda. Ta juya wurin Jakada cikin mutunci, ta kira shi da alkunyarsa ta ce, "Abu Sa'ud, Allah ya saka da alheri. Firintarmu ta ƙasa tana cin takarda, ka duba mana kafin ka wuce."

Ya duba ta. Ya kuma gyara ta da kyau, domin wannan aikin ya iya shi.

Kafin magariba ya koma shago, ya shimfiɗa allon a kan kanta, ya ɗauko farin fenti da rular ƙarfe. Mai shagon Tarnis ya leƙo, karo na farko cikin shekara biyu, ya tambayi abin da ake yi. Jakada bai ɗago kai ba. Ya ce kamfani ya turo wakiliya musamman daga Jidda domin su tattauna sabuwar dabarar talla, kuma an amince da rage tsawon sanda.

Ya auna, ya shafe kashi biyar cikin shida, ya hura fentin har ya bushe. Sannan ya rataye allon a inda masu wucewa za su gani, ya koma baya taku uku, ya tabbatar cewa yanzu babu wanda ya kai shi gajarta a duk Hindawiyya.