Kwanson Harsashi a Bokitin Wanka

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da China ta karɓi wasannin Olamfik ba, ko da yake ban kalli ko tseren mutum ɗaya ba. A lokacin ina Guangzhou sayen kayan babur, 'yan sanda kuwa na bin unguwar Xiaobei ɗaki-ɗaki suna duba fasfo. Wanda aka samu da ɗan abin zargi sai jirgi, kuma ba shi ba sake shigowa. Ni kuwa abincina gaba ɗaya a bizata ta shiga ƙasar yake.

Kawuna shi ne Sarkin Bakan garinmu, ni kuma na ɗauki sarautar na rataya wa kaina a wuya (ban taɓa harbin ko kurciya ba, wannan tsakanina da ku). Duk wanda ya zauna da ni sai ya ji yadda Kawu ke tara kwanson harsashi na tagulla bayan farauta, ya jiƙa a ruwan tsamiya, ya goge da toka, ya shanya kafin ya sake ɗura shi. Abokin ɗakina Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi, ya ji labarin har ya haddace, shi ya fara kirana Sarkin Baka.

Wata rana a shagon wata tsohuwa mai tarkacen ƙarfe na hango buhu cike da 'yan kwansuna masu ruwan tagulla, duk sun dafe. Murna ta kama ni, na ce ga tsarabar Kawu. Na ɗaga ɗaya, na yi mata alamar bindiga da yatsu. Ta girgiza kai tana cewa "meyo, meyo", wato babu, sannan ta goga yatsa a leɓenta. Nan take na gane nufinta: in kama bakina, harkar sirri ce. Na kashe mata ido irin na manyan 'yan harka, na cika leda.

Tsamiyar kunun Alhaji na kwashe na jiƙa kwansunan a bokitin wanka. Toka babu, sai na yi da man goge haƙori. Da Alhaji ya ga aikin ya tsorata, ya roƙe ni in zubar, na ce ɗan maharba ba ya gudun 'yan sanda. Ya juya ɗaya a hannu ya tambaye ni ina 'yar hudar gindin da nake cewa nan wuta ke kamawa. Na yi masa dariyar manya, na ce ai na Sinawa ba a huda su.

"To, bon," in ji shi da Faransancinsu na can, "kai ka san sana'arku."

Washegari bayan azahar na jera su a kan tawul bakin taga, suna ƙyalli kamar kayan lefe, sai aka buga ƙofa. 'Yan sanda biyu ne, mace da namiji. Ba su ma kalli tagar ba, fasfo kawai suka nema. Amma tsoro ba shi da kunya. Ɗan maharba ya zube gwiwa biyu, ya ɗaga hannu sama, ya nuna musu tawul ɗin da haɓa yana rantsuwa da Hausa cewa ba komai a ciki, na Kawu ne. Har wasiyya na fara bai wa Alhaji.

Macen ta ƙarasa ta ɗauki ɗaya, ta leƙa cikinsa, ta dube ni. Sai ta zuge jakarta ta ciro jan bakinta, ta cire murfin, ta kifa nawa a kai. Ya zauna daram. Ta goga yatsa a leɓenta, daidai yadda tsohuwar nan ta yi, namijin kuma ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da za su fita ta yaba gugar, ta nemi in ba ta biyu. Na ba ta da hannu bibbiyu.

Biza ta tsira, mutunci ne bai tsira ba. Na haɗa Alhaji da Allah kada ya faɗa wa kowa, ya ce ai bakinsa alaikum. Ranar Juma'a muna fitowa daga masallacin Huaisheng wani Bakano da ban taɓa gani ba ya dunƙule hannu ya jinjina mini.

"Ranka ya daɗe, Sarkin Jan Baki! Ya farauta?"

Sunan ya riga ni isa gida, har Kawu da shi yake kirana. Tun daga ranar, in na ga mutum ya nuna bakinsa, sai na tambaya tukuna: shiru zan yi, ko shafawa ake?