Yadda Za Ka Zama Mai Ƙirƙira da Tanon Kawunka

Kai ɗan lekol, wato ɗan boko, tafintan ofishin Kumandan, Baturen mulki na Magariya, na ji kana son takardar nan ta Faransa wadda ke shaida cewa mutum shi ya ƙirƙiro abu, ba mai ƙera irinsa sai da izininsa. Bi matakan nan. Na rantse da hular gardi, takarda za ta fito.

Mataki na 1: Bar tunaninka a gida

Ba a ba da takardar a kan tunani. Mafarkinka na rijiyar da ke ɗebo ruwanta da kanta, ka ci gaba da yi wa 'yan mata shi a dandali. Nasara abu yake son gani, mai ƙarfe, mai motsi.

Mataki na 2: Kada ka kai abin Allah ko na kaka

Gawo ba naka ba ne, ko da kai ka fara lura yana zubar da ganye da damina. Tokar da Ya Kaka ke zuba wa wake don ƙwari kuwa, kowace tsohuwa daga Waca har Guci ta san ta. Abin da kowa ya sani, a dokarsu, ba na kowa ba ne. Kada ka tambaye ni, ban je lekol ba.

Mataki na 3: Tuna kana da kawu

Tunda kanka ba komai sai kalmomin Faransanci, leƙa maƙerar Kawu Bawa. Ya raba tano, wato gangar ƙarfe, gida biyu, ya huhhuda shi, ya sa masa sanda mai lilo. A zuba gyaɗa, a kaɗa, ƙwaya ta zubo ba ta fashe ba. Sabo ne, yana aiki, ana iya ƙera dubunsa. Sharuɗɗan ke nan duka, tsohon ya cika su bai ma san da su ba.

Mataki na 4: Hana gayya

Nan ne mutanenmu ke kwafsawa. Abin da aka nuna a bainar jama'a ya daina zama sabo. Shi kuwa kawunka, da bakinsa da ba ya rufuwa, ya riga ya ce ranar kasuwar Guci zai ɗora tanon a jaki. Matarsa Kande ta kira matan unguwa gayyar ɓarar gyaɗa da tanon.

Durƙusa ka ce, "Kawu, a rufa asiri tukuna, Turawa za su ɗaukaka sunanka."

Kande za ta miƙo maka yatsunta da suka tsattsage da ɓara ta ce, "To wannan fa, ɗan nan?"

Ce mata ta shafa man kaɗanya. Ilimi ba ya gaggawa.

Mataki na 5: Nemi mai zane

Takarda na bukatar zane, kai kuwa ko jaki ka zana sai an yi gardama. Kai wa Mushe, Nasaran da ke kula da noma, tanon ya gani. Zai auna, ya zana, ya dafa kafaɗarka. Wannan dafawar, adana ta da kyau, ita ce rabonka.

Mataki na 6: Karɓi sakamako

Bayan damina takarda za ta iso, da hatimi har biyu. Na ce za ta fito, ai ga ta. Ban ce da sunan wa ba. Sunan Mushe ne da na wani kamfani can bakin teku, kuma an fara sayar da abin a kanti, an shafa masa koren fenti.

Mataki na 7: Yi aikinka

Za a ji labarin wani maƙeri na kwaikwayon kayan kamfani. Kumandan zai tura gardi biyu, wato dogaransa, su kuma ba sa tafiya sai da tafinta. Sa takalminka. Tsaya a ƙofar maƙerar da aka yi maka askin suna, ka gaya wa ɗan'uwan mahaifiyarka, da Hausa mai kyau, cewa abin da ya ƙera da hannunsa na sata ne, kuma in ya ƙara ƙera wani, sai gidan kaso.

Gargaɗi

Marubucin nan ba ruwansa da tanon da aka ƙwace, ko da Kande da ta koma ɓara da hannu, ko da innarka da ta daina amsa gaisuwarka. In kuma tsoho ya ajiye guduma ya dube ka ya ce, "Ɗana, wa ya nuna wa Nasaran nan?", gardi zai juyo ya tambaye ka me ya ce. Wannan fassarar ba ta cikin darasina.