Nomau da Faifan Baba

Ku gyara zama. Abin da zan faɗa muku, rabinsa da idona na gani, sauran rabin kuma wanda ya gani ne ya rantse mini, kuma mutumin nan ba ya rantsuwa sai in ya ƙoshi.

A Rafin Gawo, gidan da ke bayan masallacin Juma'a, akwai wa da ƙane, 'ya'yan marigayi Anaruwa mai garaya. Babban shi ne Alhaji Shekarau, tsohon direban babbar mota. Abokan aikinsa sun tara gonaki da shanu, shi kuwa fayafayan garmaho ya tara. Duk garin da ya sauke kaya sai ya dawo da faifai a ƙarƙashin kujera, har suka cika ɗaki guda. Ƙaramin shi ne Nomau, wanda furfura ta riga ta sauka a gemunsa, yana zaune da matarsa Hansai, mace mai haƙuri irin na turmi. Nomau ba mahaukaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Matsalarsa ɗaya: magana in ta shiga kunnensa, yadda ta shiga haka take zama, ba ta lanƙwasawa.

Cikin fayafayan nan akwai guda da ya fi sauran. Tun suna yara wasu masu ɗaukar murya suka zo garin da na'urarsu, suka ɗauki waƙar maharba da Baba Anaruwa ke yi, aka buga ta a faifai. Guda ɗaya tak ya iso gidan. Baba bai bar hoto ba, garayarsa gara ta cinye, faifan nan kaɗai ya rage. Alhaji kuwa yana da aƙida a kan faifai. Yakan ce, "Iri biyu ne a duniya. Akwai na asali, bugun farko, akwai kuma sabon bugu, wanda kamfani ke sake yi wa yaran zamani. Na asali ɗa ne, sabon bugu agola."

Da ciwon gwiwa ya hana shi sunkuyawa, sai ya kira ƙanensa ya damƙa masa mabuɗin ɗakin. Ya ce, "Nomau, akwai wani Malam Lurwanu a birni, mai sayen tsofaffin fayafayai yana tura wa masu tarawa a ƙasashen waje. Ya daɗe yana bibiyar faifan Baba. Ranar da na ga ba za ka iya riƙewa ba, shi zan ba. Gara ya tsira a hannun baƙo da ya mutu a hannun ɗa." Nomau ya rataya mabuɗin a wuya, a saman riga, inda kowa zai gani. Daga ranar ko gaisuwa aka yi masa a bakin kasuwa sai ya amsa, "Lafiya lau, faifai ma lafiya."

Wata rana, ana tsakiyar bazara, Alhaji ya shiga ɗakin ya ji shi kamar tanda. Ya ce, "Nomau, zafi ne maƙiyin faifai, yana lanƙwasa shi. Ka nemi inda ya fi ko'ina sanyi a gidan nan ka ajiye su." Nomau ya zagaye gidan yana dafa bango, yana dafa ƙasa, har ya kai ga randar Hansai. Ya tsoma hannu, ya gyaɗa kai. Da yamma Hansai ta ɗebo wa Alhaji ruwa, ya kai kofi baki, sai ga wata jar takarda tana iyo a ciki, da sunan wani mawaƙi a jiki. Aka leƙa randa, ga fayafayai a jere kamar an jiƙa wake, takardun da ke tsakiyarsu duk sun ɓanɓare. Alhaji ya dafe ƙirji. "Na Baba fa?" Nomau ya ce, "Randa ta cika kafin layi ya zo kansa, Yaya. Amma kada ka damu, na aika a aro ta maƙwabta." Tun daga ranar, in Alhaji ya ɗauko faifai daga cikin waɗancan, bai san wa zai yi waƙa ba sai allura ta sauka.

Wata rana tsofaffin direbobi, abokan Alhaji, suka zo masa hira. Aka shimfiɗa tabarma, aka haɗa garmaho da batirin mota. Alhaji ya ce, "Nomau, ɗauko mana wanda na saya a Jos, mai koren kwali. Ka tuna, ba a sa wa faifai hannu, maiƙon yatsa yana kashe shi." Aka jira. Can sai ga Nomau ya fito, hannuwa biyu a bayansa kamar ɗan sanda a fareti, faifan a bakinsa, ya cije shi da haƙora. Ya durƙusa a gaban garmaho ya sake shi. Wani tsoho ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Alhaji ya ɗaga faifan ya ga sawun haƙora a gefe, har da giɓin Nomau. "Me na yi maka a duniya?" Nomau ya goge baki ya ce, "Ko ɗan yatsa bai taɓa shi ba, Yaya. Ga shaidu." Tsohon da ya sarƙe ya ce, "Wallahi mun shaida." Har yau in an sa faifan, mawaƙin ba ya samun yin sallama, daga tsakiyar baiti yake farawa.

Wata rana 'yar Alhaji da ke aure a Kaduna ta aiko da saƙo. Ashe wani kamfani ya sake buga waƙar Baba Anaruwa: sabon faifai, baƙi wuluk yana ƙyalli, kwalinsa fari ƙal da zanen garaya. Alhaji ya juya shi gaba da baya, ya taɓe baki a gaban mutane. "Wannan? Bai sha wuya ba. Faifan asali da tsufa ake gane shi. Kwali ya yi jawur, gefe ya cinye, in ka sa shi ka ji yana ƙara kamar ana suyar gyaɗa. Wannan sai ya sha wuya kafin ya zauna kusa da na Baba." Abin da bai faɗa ba, kuma Hansai ce ta tsegunta mini, shi ne da mutane suka watse ya rufe ƙofa ya sa sabon, ya ji muryar Baba tas kamar yana zaune a ɗakin, ya maimaita har la'asar ta kusa kuɓuce masa.

Nomau dai ya ji abin da aka ce a gaban mutane, kuma tausayin sabon faifan ya kama shi. Washegari ya rataye kwalin a madafa, saman murhu, hayaƙi ya yi aikinsa. Ya miƙa wa akuya kusurwa ɗaya ta ɗanɗana. Faifan kuma ya kai shi bakin rafi ya cuɗa da yashi, ciki da baya, da zuciya ɗaya. Ya dawo ya ajiye a gaban wansa yana murmushi. "Yaya, ya sha wuya. Sa ka ji." Alhaji ya sa. Suyar gyaɗa kam an samu, kasko guda, sai dai Baba ne ba a samu ba. Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, ya tuna shi da bakinsa ya ce abin agola ne, ga kuma mutane a zaure suna kallo. Ya haɗiye, ya ce, "Madalla." Hansai ta ce ranar ko tuwo bai ci ba.

Wata rana, da damina ta kankama, Alhaji zai tafi suna wani ƙauye. Ya tsaya cikin ɗakin fayafayai ya ce, "Kada ka bar kowa ya shigo nan. Kowa, Nomau." Bayan tafiyarsa iska ta ɗage kwano ɗaya a rufin ɗakin. Hansai ta kira kafinta, Nomau ya tare ƙofa da taɓarya. Hansai ta ce, "Malam, ruwa fa zai shiga." Ya ce, "Ruwa ba kowa ba ne." Hadari ya haɗu, Alhaji ya dawo yana ɗingishi, ya nufi ɗakin. Taɓarya ta tare shi.

"Kauce, ni ne."

"Na gane ka, Yaya. Amma ka ce kowa."

"To na janye!"

"A ciki ka faɗa. In za ka janye, a ciki za ka janye."

"To bari in shiga in janye!"

"Ka ce kowa."

Suna wannan ruwa ya sauko. Hansai ce ta zagaya ta taga ta jawo faifan Baba ta sa a cikin zaninta, kwalin ya riga ya jiƙe ta gefe ɗaya. Alhaji ya karɓa, ya daɗe yana kallonsa, ruwa na zuba daga hularsa. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Hansai ke nan. Ya ciro waya ya kira Malam Lurwanu.

Wata rana da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Malam Lurwanu ya fito, ɗan gajere mai ƙamshin turare da daɗin baki. Ya zo da sabon garmaho a bayan mota, da katan cike da sababbin bugu, har da na Baba Anaruwa, duk a madadin tsohon faifai guda. Ya ce, "Alhaji, waƙar ɗaya ce, muryar ɗaya ce. An ma wanke ta, an cire mata datti. Kai ka huta, shi ma faifan ya huta." Nomau na tsaye a gefe, mabuɗi a wuya, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Yaya, a ina na kuskure? Duk abin da ka ce, shi na yi." Alhaji ya ce, "Shi ne ai."

Malam Lurwanu ya nemi a sa faifan ya ji lafiyarsa kafin ya ɗauka. Alhaji ya sa da hannunsa. Garaya ta tashi, muryar Baba ta biyo ta cikin suyar gyaɗar nan. Alhaji ya kasa zama. Ya ce wa baƙon su je ya nuna masa sabon garmahon, ya juyo ya nuna Nomau da yatsa. "Tsaya nan. Kada ka motsa, kada ka taɓa komai, sai an ce maka." Suka fita.

To, Alhaji yana da wata al'ada. Tun da faifan ya zo hannunsa, garaya na yin bugun ƙarshe yake ɗage allura, wai kada ta ci faifan a banza, kuma bai taɓa barin wani ya sa shi ba. Yau ga shi a waje, Malam Lurwanu ya cika masa kunne da bayanin maɓallai. Waƙa ta ƙare. Allura ta ci gaba da tafiya, shuuu. Nomau na tsaye kamar an dasa shi, ƙuda na yawo a hancinsa. Can Alhaji ya lura kiɗa ya ɗauke. Ya taho da gudu, gwiwa ko ba gwiwa, baƙon na biye, Hansai ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ya buɗe baki zai daka tsawa.

Sai mace ta yi dariya a cikin garmahon.

Alhaji ya tsaya cak a bakin ƙofa. Dariyar Inna ce, mahaifiyarsu, wadda ta riga Baba rasuwa, wadda ba wanda ya taɓa zaton an ɗauki muryarta. Ashe masu na'urar ba su kashe ta da wuri ba, mai buga faifan kuma ya bar abin yadda yake. Aka ji Baba yana cewa, "Wai me ya sami yaron nan, ya ƙame kamar turke?" Inna ta ce, tana dariya, "Ai kai ka ce masa kada ya motsa sai ka ce. Ga tururuwa na hawan ƙafarsa, ya ƙi ko sosawa." Baba ya yi dariya shi ma, ya ce, "Allah ya shirya mini kai. To, Nomau, an gama. Motsa."

Nomau ya ce, "To, Baba." Ya miƙa hannu ya ɗage allurar a hankali.

Alhaji ya zauna a ƙasa, inda bai zauna ba tun da gwiwa ta kama shi, ya rufe fuska da hula. Da ya sauke hular sai ya tambayi baƙon, "A sabon bugun akwai wannan?" Malam Lurwanu ya sosa ƙeya. "Irin wannan ai shi ne dattin da ake cirewa, Alhaji. Amma tunda haka ne, zan iya ƙara maka da..." Alhaji ya ɗaga hannu. "Hansai, zuba wa baƙo fura. Hanya da nisa."

Nomau kuwa ya raka Malam Lurwanu har mota, ya taya shi rufe katan ɗinsa, ƙirji a gaba, mabuɗi na lilo. Da mutumin ya tayar da mota sai ya sunkuya ta taga ya ce masa, "Ka gaya wa mutanen ƙasashen wajen, wanda ke cikin faifan yana nan da ransa. In suna son gani, su zo. Amma ba a taɓawa da hannu."

Nan na tsaya. Wanda bai yarda ba, Rafin Gawo ba ta tashi ba, ya je ya yi sallama. In an ce masa ya zauna, ya tambaya har zuwa yaushe.