Ɗigo Biyu a Gefen Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara ganin Zulaihatu ba, a wani kantin magani da ke unguwar Old Airport, a ƙasar Larabawan da na je ci-rani. Mura ce ta kai ni. Ta miƙo min ƙwayoyi, ta ɗago ido ta ce da Hausa, "Sau uku a rana." Ni kuwa da na tashi da karanta littattafan soyayyar da yayata ke ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, nan take zuciyata ta yi luguden da ta jarumi ke yi a shafi na uku.

Matsalar ita ce ni mai gadi ne, jarumin littafi kuwa in ba ɗan attajiri ba ne to matuƙin jirgi ne. Sai na ce bari in zama mawaƙi. A ɗakinmu na Bin Omran nake ƙudundunewa cikin bargo saboda ƙarar na'urar sanyi, ina rera baitoci a waya, gumi har cikin kunne. Sabi'u direba, abokin ɗakina, ya ɗora min kundin waƙoƙin a wata manhajar sayar da waƙa. Duk mako manhajar tana fitar da jerin kundayen da suka fi kasuwa a ƙasar, na mawaƙan da ba su da kamfani a bayansu.

Ana jajibirin Sallah suka turo min saƙo da Larabci. Ga hoton kundina, ga lamba ɗaya tsaye kamar sandar liman, sai wasu 'yan ɗige-ɗige biyu a gefenta. Ban kula su ba (fuskar wayata ta sha faɗuwa, ba irin tabon da babu a kanta).

Washegari 'yan Arewa suka taru cin tuwon Sallah a gidan wani likita a Al Aziziya, Zulaihatu na zaune kusa da gwaggonta. Na karɓi makirfo, na shaida wa jama'a cewa ɗan Zariya ya kayar da mawaƙan ƙasar nan kaf, kuma akwai wata tauraruwa a nan da ta haska masa hanya. Aka yi tafi, gwaggo har da guɗa. Na taka a hankali irin na jarumai, na miƙa wa Zulaihatu wayar ta gani da idonta, makirfon na hannuna daidai bakinta.

Ta duba. Ta goge fuskar wayar da gefen mayafinta, ta sake gogewa. Sannan ta yi ƙasa da murya don ta rufa min asiri, lasifika kuwa ta kai maganar har bakin ƙofa.

"Malam, waɗannan ba datti ba ne. Sifilin Larabawa ne. Kai ne na ɗari."

Sabi'u, Allah Ya shirye shi, ya ƙara daga baya cewa ai jerin a ɗari yake ƙarewa. Mai gida ya ce yalla, maza a zo a ci abinci, amma mutane sun kasa tashi don dariya. Ranar na koyi cewa kafin ka yi shela, ka nemi mai ido ya duba maka ɗigo.

Zulaihatu yanzu tana da kantin maganinta a Kaduna da 'ya'ya uku, kuma duk kamannina suka ɗauko. Sai dai har gobe in na kira ta, ba "Masoyina" ke fitowa a wayarta ba. Ɗaya ce, da ɗigo biyu.