Ta Tafi da Muryar Malam

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Harira ta Unguwar Shanu, matar marigayi Malam Labaran, nake sanar da 'yan'uwa rasuwar kwamfutar 'yata Nafisat, ranar Talata bayan la'asar. Na san ba rai gare ta ba, Allah Ya yafe min, amma rashi ne.

Marigayiyar mai riƙon amana ce. Shekara shida ba ta taɓa ɓatar da ajiya ba. Da ita Nafisat take aikin kammala jami'a, wai binciken yadda ake ajiye fayil a nemo shi da sauri. Ni bokona bai yi nisa ba. Abin da na gane, kowane fayil sai a lissafa masa lamba daga sunansa, lambar ta nuna gidansa, kamar katin asibiti. Hanya uku ta gwada, tana auna wadda ta fi sauri, da wadda fayil biyu ke yawan karo a gida ɗaya.

Gwajin yana son fayil da yawa. Ni da hannuna na miƙa mata wayar Malam, ta kwashe hotuna da saƙonnin murya kaf ta zuba a kwamfutar, muka goge wayar muka ba ƙaninsa. Duk ranar da kewa ta taso min, kafin in gyara zama marigayiyar ta nemo min shi: "Harira, a ajiye min tuwona, ina hanya."

Ciwon ya fara da zafin jiki. Sai nauyi. Sai wani kuka, kit-kit-kit, kamar ɓera cikin langa. Hassan mai gyara a Babbar Kasuwa ya yi kwana uku a kanta, ya ce ma'ajiyar ta lalace, ko fayil ɗaya ba zai fito ba. Lambobin suna nan a littafin Nafisat. Gidajen ne babu.

Marigayiyar ta bar caja da jaka. Ta bar Nafisat, wadda malaminta ya ce ta sake aikin daga farko. Ita nata ana sakewa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci za a naɗe ta cikin babbar rigar Malam, a sa a akwatinsa. Zaman gaisuwa a gida, kwana uku. Kada kowa ya yi girki, kuma kada in ji an yi wa yarinyar nan faɗa, ko ruwa da ƙyar take sha. Duk wanda Malam ya taɓa tura wa saƙon murya, ko na masifa ne, don Allah ya zo da wayarsa da caji.