Ranar Da Na Rage Zaman Banza A Funtuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya gaban wani babban jami'i daga Kaduna ina cika baki wai na rage zaman banza a Funtuwa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Farkon shekarun tamanin ne, ina ƙaramin akawu a wani ofishin nema wa mutane aiki. Ni ke koya wa masu nema yadda ake rubuta takarda, da goge wando, da gaida manaja da Turanci ba tare da an durƙusa ba. (A gida ni ma durƙusawa nake, amma a ofis sai ka rantse a Ingila aka yanke min cibiya.) Da kaka wani kamfanin gurzar auduga ya nemi leburori sha biyu. Na horar da samari sha biyu, aka kwashe su kaf. Sati guda ina hura hanci.

Da jami'in ya zo, na yi jawabi har da buga tebur, masu jiran aiki na zaune a benci suna ji. Ya bari na gama, sannan ya tambayi mutum nawa ke cikin rajistar marasa aiki kafin horon, nawa kuma yanzu. Na buɗe littafin da izza. (Abokin aikina ke rubuta sababbin sunaye, ni ina ganin na fi ƙarfin wannan.) Adadin bai motsa ba. Na sake ƙirgawa, gumi na keto min.

Sai Kawu Yohanna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya riƙe ni a Malumfashi har na gama makaranta, ya miƙe daga benci. Wallahi ban ma lura yana wurin ba.

"Ranka ya daɗe, ƙirgensa daidai ne. Sha biyu sun shiga, mu sha biyu muka fito. Shekara tara ina ɗinke buhun auduga a can, bana aka ce sai mai takarda da Turanci."

Jami'in ya yi rubutu a takardarsa. Kawu ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, ni ma koya min gaisuwar nan, in je in fitar da wani."

Tun daga ranar, in aka ce min wane ya sami aiki, kafin in ce barka sai na tambayi wa ke wurin a da.