Ranar da na ce yara su juya baya

Aji huɗu kacal na yi a lakol, makarantar boko. Da aka rasa mutum a Magariya, zamanin Faransa, sai aka ba ni ƴan ajin farko in koya musu haɗa baƙi da wasali. In Bature mai duba lakol ya gamsu, a tabbatar da ni mushe, wato malamin lakol.

Wata uku ban goge tabulo, babban allon aji, ba. B da A, ba. B da O, bo. Muna rerawa muna rausaya kamar a makarantar allo, har mata masu zuwa rijiya suka haddace.

Da Baturen ya zo, yara suka zuba karatu babu tuntuɓe, har ya zaro alƙalami zai sa hannu. Da ma na yi shiru.

"Ranka ya daɗe, ai wannan kaɗan ne. Yara, ku juya baya!"

Suka juya suna kallon bango, suka karanto tabulo daga sama har ƙasa, ni ko ina ta washe baki. Baturen ya mayar da alƙalaminsa aljihu, ya goge tabulo, ya rubuta BO kaɗai, ya ce su juyo.

"B da A, ba!" in ji aji gaba ɗaya.

Darektan lakol ya raɗa mini, "Kai, wa ya aike ka?"

Kafin Juma'a an sallame ni. Tun lokacin nake awon gujiya a kasuwar Waca. Har yau in wasiƙa ta zo wa wani daga Kano, sai ya miƙo mini a bainar jama'a: "Mushe, karanta mana. Amma juya baya tukuna, kar ka yi kuskure."